Waken Kawu

Shekarar da aka turo ni koyarwa Kontagora, a gidan kawuna na sauka, yayan mahaifiyata. Dattijo ne a cocinmu, kuma ɗan kasuwa ne. Yakan saro wake daga Tungan Magajiya da kaka, ya ɓoye har ya yi tsada.

Wata Asabar da hantsi na shiga sitonsa neman tsintsiya. Wari ya buge ni tun daga ƙofa. Kawu ya ɗaure hanci da tsumma, yana yayyafa wani ruwa daga galan a kan waken da ya baza a tabarma.

Na ce, "Kawu, wannan ba maganin feshin gona ba ne?"

Ya ce, "Shi ne ke hana ƙwari. In an wanke an dafa, shi ke nan. Wa ma zai sani?"

A lungu akwai buhu ɗaya da bai taɓa ba. Na tambaya, ya ce na gida ne.

Washegari shi ya koyar da ajin manya a coci. Ya yi bayani cewa wawa ba marar boko ba ne, wawa shi ne wanda ke aikata mugunta kamar Allah ba shi da ido, kuma kowa zai ba da amsa a gabansa. Tsofaffi suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa da ya miƙo mini hannu bayan addu'a, na ji warin maganin bai bar yatsunsa ba.

Akwai wata Hajiya mai ƙosai a bakin layinmu, wadda ta daɗe tana sayen wake a wurinsa saboda ta yarda da shi. Cikin makon nan ta sayi waken da ya zuba wa magani, sai masu cin ƙosanta suka kama amai da zawo. Ita ma sai da aka kwantar da ita a asibiti. Aka yi ta cewa ƙazanta ce, har masu keke suka daina tsayawa wurinta.

Da ta samu sauƙi, Kawu ya ja ni muka je gaishe ta. Ta rame, tana zaune a tabarma.

Ta ce, "Baba, shekara nawa ina suyar nan, ban taɓa cutar da kowa ba. Ban san abin da na yi ba."

Kawu ya ce, "Jarrabawa ce, Hajiya. Allah ya sawwaƙe."

Na ce amin. Da bakina na faɗa. Na san gaskiya, amma na tuna ɗakin da nake kwana da tuwon da nake ci, na yi shiru.

Ba ta sake kafa kasko ba. Ta koma wurin 'yarta a Zugurma. Ni ma na kama haya a wata unguwa kafin wata ya ƙare. Mahaifiyata ta yi ta tambaya ko faɗa muka yi da yayanta, na ce mata makaranta ce ta yi mini nisa.