Haƙorin da Alhaji ya sa mini

Mun tashi da asuba daga Dusuman za mu asibitin haƙori a cikin gari, ni da 'yata ta fari, na naɗe kumatuna da mayafi don ya kumbura har idon hagu ya fara shigewa. Ita ce ke rubuta muku wannan a wayarta, ni ina faɗa, don ban taɓa zama a aji ba.

Mai keke mai ƙafa uku ya ce sai mun ƙara masa kuɗi, wai mai ya yi tsada. Abin da a da zai kai mutum kasuwar Gamboru ya dawo da shi, yau da ƙyar ya kai shi tashar Muna da ke bakin gari. Muka hau. Duk ramin da keken ya faɗa, a bakina yake sauka. A shingen sojoji wani yaro mai bindiga ya leƙo, ya ga fuskata, ya ce, "Kaka, goro nawa kika cusa a nan?" Na so in yi dariya, bakin ya ƙi.

Mun wuce mata suna tuyar ƙosai da masa, ga ƙanshin kifi banda yana bin mu. Ni da na kwana biyu ba abin da ke shiga cikina sai kunu, na kau da kai. Da muka zo wajen kasuwar shanu kuwa, sai na sunkuyar da ido gaba ɗaya. Nan Alhaji, mijina, ya yi rayuwarsa yana dillancin dabbobi bayan mun bar kiwo mun dawo gari.

Bari in gaya muku abin da ke bakina. Shekarar da muka sauke farali ni da shi, ya kai ni shagon wani mai sa haƙori a Makka, aka lulluɓe mini na sama gefen hagu da zinari. Ya ce, "Yanzu ko ba ki yi magana ba, an san ke Hajiya ce." A shekarun tashin hankali ya bi hanyar gabas ɗauko shanu, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari. Rigunansa da carbinsa da na adana, ruwan ambaliya ya tafi da su. Abin da ya rage mini daga hannunsa, wannan haƙorin ne kaɗai. Shi ya sa da ya fara ciwo na yi shiru. Na danna kanumfari, na sa garin taba, na tauna ta ɗaya gefen, har sai da zazzaɓi ya kwantar da ni.

A asibitin mun tarar da layi. Kowa riƙe da haɓa, ba mai gaisuwa mai tsawo. Kusa da ni wata Babarbariya ce mai haƙora jajaye jir da furen taba da goro, ta gaishe ni da harshensu, ta ce, "Wushe, Hajiya, ke ma?" Na ɗaga kai. Muka zauna kamar masu zaman makoki.

Likitar mace ce, 'yar kudancin Borno, da ɗan gicciye a wuyanta, mai sanyin hannu. Ta kwantar da ni a wata kujera da ke komawa baya da kanta, ta haska fitila, aka ɗauki hoton bakin. Ta daɗe tana duba hoton.

"Mama, zinarin lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Haƙorin da ke ƙarƙashinsa ne ya ruɓe har saiwa. Abinci yana shiga ta bakin dasashi, inda asuwaki ba ya kaiwa. Ga mugunya ta taru. Dole a cire."

Na ce, "'Yata, cire wani. Ga su nan da yawa, zaɓi wanda kika ga dama."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce da na zo tun ranar da ruwan sanyi ya fara sa ni zabura, da an buɗe zinarin an wanke an cike, an mayar. Yanzu idan aka bar shi, ciwon zai iya gangarawa wuya. 'Yata ta fari ta durƙusa gefen kujerar, ta riƙe ƙafata, ta ce, "Inna, mun rasa Baba. Kada ki sa mu rasa ki a kan haƙori."

Na buɗe baki.

Allurar ta kashe wurin, ban ji zafi ba, sai dai wata ƙara can cikin kai, kamar ana tumɓuke rogo a busasshiyar ƙasa. Hawayen da suka zubo mini ba na ciwo ba ne. Likitar ta gane. Ta wanke haƙorin da zinarinsa, ta naɗe a auduga, ta sa mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai. Sannan ta ba ni magani, ta ce in bari sai gobe in fara kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, in riƙa goge haƙora da burushi da man goge baki safe da dare, in rage sukari a shayi, in dawo ta duba sauran.

A hanyar dawowa ban ga komai ba. Harshena sai komawa yake gurbin haƙorin, wurin da babu kowa.

Mun iso Dusuman rana ta karkata. Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'ya'yana, shi ne ɓoye ciwo ba ya tsare abin da kake so. Shirun da na yi don in riƙe haƙorin, shi ya raba ni da shi. Wanda dasashinsa ke jini, ko ruwan sanyi ke sa shi zabura, ya je a duba tun bakin bai kumbura ba.

'Yata ta ce a kai wa maƙeri zinarin ya yi mini zobe. Na ce a'a. Bayan la'asar na ɗauki fartanya, na tona rami a gindin darbejiyar da Alhaji ya dasa a bayan ɗaki, na sa haƙorin da zinarinsa cikin farin ƙyalle, na mayar da ƙasa, na yayyafa ruwa. Na yi masa addu'a, shi Alhaji da ya sa mini haƙorin, a duk inda ya kwanta. Yanzu ina da wurin da zan zauna in ce, nan ne.