Littafin Japan a Cikin Takardun Naɗe Balangu

Ranar kasuwar Jega ce, cikin bazarar 2009, lokacin da albasa ta cika gari har warinta na bin mutum cikin ɗaki. Ina tsugune a tsakar gida ina kankare ƙafafun saniya da Inna ta babbake, sai na ji ƙugin motar Kawu Ummaru a ƙofar gida. Kawu ƙanen Inna ne, direban babbar mota, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Ikko, kuma ba ya dawo mana hannu rabbana. A wannan karon ƙaton ɗaurin tsofaffin jaridu ya sa yaran motarsa suka sauke a zaure, domin Babana mahauci ne, runji kamar yadda ake cewa a wajenmu, yana gasa balangu a bakin tasha, kullum cikin neman takardar naɗe nama yake. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma yanka takardun nan aikina ne tun da aka yarda in riƙe wuƙa.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Kafin a yanka sai an bi takardun ɗaya bayan ɗaya, duk wadda aka ga rubutun Larabci a jikinta, ko da tallar sabulu ce, a ware ta gefe, ba a naɗe nama da ita, ba a bari ta faɗi ƙasa. Ina cikin wannan tsinta na ci karo da wani littafi mai kaurin bulo, ba bango, takardarsa kaushi-kaushi, wasu shafukan ja-ja, wasu shuɗi-shuɗi. Zane ne tun daga farko har ƙarshe, mutane masu manyan idanu da gashi a tsaitsaye, da wani rubutu da ba boko ba, ba Larabci ba, sai ka ce sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kai wa Inna in ji ko na warewa ne. Ta juya shi gaba da baya ta miƙo mini. Kawu ne, yana zaune yana shan fura, ya leƙo ya ce irin rubutun da ke jikin kwalin kayan gyaran mota ne, na mutanen Japan. Da Baba ya dawo na roƙe shi ya bar mini, ya auna nauyin littafin a hannu yadda yake auna cinyar rago, ya ce, "Aje shi wurinki, Shafa. In jaridu sunka ƙare mu waiwaye shi." Daga ranar na zama mai tattalin jarida, na riƙa yanka su ƙanana-ƙanana don kada su ƙare, har masu sayen balangu suka fara ƙorafin mai na ɗiga musu a riga.

Da farko na buɗe shi ta hagu kamar littafin makarantar boko, na rasa gane kansa. Mutum yana kwance a mace, a shafi na gaba sai in gan shi tsaye yana dariya. Ƙawata Luba, wadda muke zuwa ɗibar ruwa da Islamiyya tare, ita ta karɓa ta juya shi ta fara ta dama, yadda muke buɗe littattafan Islamiyya, nan take komai ya zauna daidai. Mun yi murna ƙwarai, muka yanke hukuncin cewa mutanen Japan ma sun yi karatun allo.

Labarai da yawa ne a ciki, amma ɗaya ne ya kama ni. Wata yarinya ce sa'ata, mai guntun gashi, da mahaifinta manomin shinkafa, a wani ƙauye mai fadama irin tamu ta bakin gulbi. Ba ma iya karanta ko harafi ɗaya, don haka muka raɗa mata suna Jummai, muka riƙa sa musu magana a baki da Hausa. Shafukan farko lafiya lau, ana dashe, ana kora tsuntsaye, uban yana ɗaure mata takalmi. Sai wasu mahaya masu takubba suka faɗo wa ƙauyen. Daga nan abin ya munana. Mai zanen bai ɓoye komai ba: kawuna na tashi sama, hannu a yashe yana riƙe da lauje, jini baƙi wuluk ya cika shafi har ya shafe fuskokin mutane. Aka kama uban, aka kashe shi, Jummai ta tsere ta faɗa cikin ruwa, kai kawai ake gani. A nan labarin ya tsaya cak, wani daban ya fara, na 'yan ƙwallo. Na bi littafin shafi-shafi ina neman inda aka ci gaba, ban samu ba. Ina surfe ina tunaninta, ina tsince shinkafa ina tunaninta, na tabbata akwai wata alama da na tsallake, kuma in aka bar mini littafin zan gano ta.

A ƙarƙashin hijabi nake ɓoye shi in kai makaranta. In an fita tara, sai mu bar 'yar gala-gala da carafke mu taru a gindin dogon yaro bayan aji, kowa da yadda abin yake zo masa. Mazan ajinmu dariya suke yi, su ce a koma shafin da kai ya tashi, su karyo karan dawa daga shingen lambun makaranta su riƙa sare juna suna faɗuwa da gangan. Wata yarinya daga Alelu da ke zaune wurin gwaggonta kallo ɗaya ta yi ta tofar da yawu, ba ta ƙara zuwa wurin ba. Luba kuwa sai ta rufe fuska da hijabi ta bar ido ɗaya, ta ce in gaya mata in an wuce wurin, in an wuce kuma ta ce a dawo. Ta daina cin nama na 'yan kwanaki, na yi ta tsokanarta. Ni dai baki har kunne, ina taƙama da cewa 'yar mahauta ce ni, ni ke wanke kayan ciki, ni ke ɗauraye tiren da jini ya daskare a kai, wane zanen tawada ne zai ba ni tsoro? Haka nake faɗa, ko da yake akwai shafi ɗaya da nake haɗawa da na gabansa in buɗe su tare.

Akwai kuma wasu shafukan da ko mazan ba su ce a tsaya a kai ba, a gaban mata dai. A cikin wani labarin an zana manyan mata suna wanka ba ko ɗan zane a jikinsu. Ni da Luba kunya ta kama mu kamar mu aka leƙa. Muka samo ƙaro muka jiƙa, muka manne shafukan nan biyu-biyu, muka ɗora turmi a kai har suka bushe, muka ɗauka mun tsarkake littafin ke nan. Ƙaron ne ya tona mu. Wata rana Inna tana kakkaɓe shimfiɗata ta tsinci littafin, ta ga shafuka sun yi tauri kamar ɓawon rake, ta sa farce ta ɓamɓare. Ina daga bakin murhu na ji salatinta. Ta fito da shi riƙe da yatsu biyu, ta ce, "Wanga abu ba shi kwana gidanga. Bari Babanki shi dawo, shi gani da idonai, in sa shi wuta." Na yi kuka, ba don tsoron duka ba, Baba bai cika duka ba. Kukan Jummai nake yi, da za a ƙone ta tana cikin ruwa ban san ko ta fita ba.

Ranar Baba ya dawo da wuri, nama ya ƙare kafin la'asar ta yi sanyi. Ya yi alwala, ya yi salla, ya zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa, Inna ta ajiye masa littafin. Na raɓe jikin rumbu ina lissafin abin da zai faru. A tunanina shafukan matan ne za su jawo wuta, na jinin kuwa dariya za su ba shi, mutumin da ya tashi da wuƙa a hannu. Ya buɗe ta dama ba tare da kowa ya gaya masa ba, domin shi karatun allo kaɗai ya yi. Da ya kai inda Inna ta ɓamɓare ya ja tsaki ya kife shafin da sauri. Da ya kai wurin yaƙin, kamar yadda na zata, ya ɗan murmusa ya ce, "Wanda yaz zana wanga bai taɓa yanka ko kaza ba. Jini ba shi tashi sama hakanga." Na fara jin sanyi a raina. Sai ya lashi yatsa ya raba shafukan nan biyu da nake haɗawa.

A shafin an durƙusar da uban. Wani ƙato ya riƙe Jummai ta baya, ya tallabe mata haɓa ya juyo da fuskarta don dole ta gani. Rabin shafin idonta ne kawai, a buɗe, da inuwar takobi a ciki. Baba ya daɗe a wurin. Kaji suka zo suna tsattsagar tabarmarsa bai kore su ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an aiko masa da rasuwa. Can ya ce, a hankali, ba da ni ba, ba da Inna ba, "Mi tay yi musu? Ko akuya ba mu yanka ta gaban ɗiyatta." Ni da rawar kaina, ina son in ceci littafina, na ce, "Baba, ni ba ni jin tsoro, na saba ganin jini." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Jini kinka saba gani, Shafa. Ke taɓa ganin hitar rai?"

Na buɗe baki in ce na sha gani, sai na rasa ranar da zan ambata. A bayan gidanmu, cikin wani shingen zana, yake yanka raguna da awakin da yake sayowa a Maiyama, kusan kowace safiya. Na san yana ba dabba ruwa tukuna. Na san yana janye sauran ya ɗaure su bayan rumbu inda ba za su hango ba, kuma ba ya wasa wuƙa sai a zaure, ya shigo da ita a ɓoye a bayansa. Amma daidai lokacin nan kullum sai aike ya taso: in je in karɓo masa goro, in kai wa maƙwabta rariyarsu, in duba ko an buɗe famfo. In na dawo, nama ne a rataye. Duk tsawon shekarun nan ina ɗauka Baba mutum ne mai mantuwa da ba ya tuna goronsa sai da safe. Na tsaya jikin rumbun nan kunya da ƙaunarsa suka rufe ni lokaci guda.

Bai ba Inna littafin duka ba. Ya aika aka ɗauko ƙaramar wuƙarsa ta fiɗa, ya bi gindin shafukan matan ya yanke, ya yanke na idon Jummai, ya miƙa wa Inna su ta sa a murhu. Ya ce sauran ma ba za a naɗe abincin mutane da shi ba, ya turo mini shi a kan tabarma. Na rungume, zan ruga ɗaki, sai ya kira ni. "To, yarinyag ga, wa yar riƙe ta bayan nan? Tana da dangi?" Na ce ban sani ba, labarin a ruwa ya tsaya. Bai ji daɗin amsar ba. Da Kawu Ummaru ya zo lodin albasa na gaba, ina ji Baba yana ce masa in ya koma ya bincika mana cikon littafin. Kawu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Yaya Abdu, Ikko hwa ba kasuwar Jega ba ta." Duk da haka ya riƙa kawo ɗaurin jaridu, ni kuma ina bin su ɗaya bayan ɗaya, Baba yana tambaya ta in ya dawo daga tasha. Ba mu ƙara ganin irinsa ba.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Aliero, kuma irin waɗannan zane-zane sun cika wayoyin yara, an fassara su da Turanci, ba mai jiran motar albasa. Ɗana na fari yana karanta su yana cin tuwo, yatsa ɗaya na ture shafi, kawuna na wucewa ko tauna bai fasa ba. Wani lokaci ya nuna mini abin da masu karatu ke rubutawa a ƙasa, wannan ya ce abin ya yi yawa ya daina bi, wancan ya ce jinin bai ishe shi ba. Nakan karɓe wayar, nakan yi faɗa, nakan kuma zauna kusa da shi mu duba tare in tambaye shi labarin mutanen da ke ciki. Amma ba ni da wuƙar da ke yanke shafi a waya, ba ni da aiken da zan ƙirƙiro daidai lokacin da ya kamata ya kau da kai. A irin wannan lokaci nake kewar Baba ƙwarai. Ya rasu bai ji wanda ya riƙe Jummai ba, kuma har cikin tsufansa yakan tuna ya tambaya. Ni ma har yau ban daina yi mata fatan ta samu hannu nagari ba.