Garin Kaka Ya Zama Uku

Abin da na fara gani da muka shiga Dapango daddawa ce. Wata tsohuwa ta jera ta a faifai a gindin kuka, an mulmula ta kamar ƙwan zabo, kowace ɗaya da ɗan rami a ka inda aka danna babban yatsa. Ku da kuka taɓa shiga gidanmu a Didaure kun san wannan ramin. Duk Sokode Kaka kaɗai ke yin daddawa haka, har maƙwabta suna tsokanarta wai tana yi wa daddawa cibiya. Na tsaya ina kallo, Baffa Garba ya ce in matsa kada jaki ya taka ni. Na matsa, ban ce komai ba. Kun san halina.

Malama ta ce in na sami mai komawa gida in aiko muku da labarin hanya a karanta bayan an tashi daga karatu. Masu shanu za su yi kudu jibi, shi ya sa na zauna rubutu, ko da yake ni kaina ban gama gane tafiyar ba.

An haifi Kaka a wani ƙauye mai suna Sambulgu a ƙasar Gurma, wadda yanzu take hannun Faransi. Mahaifinta ɗan ayari ne, mahaifiyarta 'yar garin. Uwar ta rasu Kaka tana ƙarama, aka binne ta kusa da wani dutse, uban ya ɗauki 'yarsa ya yi kudu. Tun bara Kaka ke cewa tana son ta ga wurin. Baffa Garba, ɗanta mai fataucin shanu, ya ce tunda za a sha wannan doguwar hanya, sai a yi mako guda ana zaga ƙauyukan Faransi ana kallon ƙasa. Ni aka ce in zo in riƙa ɗaukar buta. Amma na san dalilin da ya sa Kaka ta zaɓe ni. Tun damina na lura sai ta shafa bakin ƙwarya kafin ta zuba ruwa, kuma da takun ƙafa take gane mai shigowa. Idonta ne ke tafiya, Baffa bai sani ba. Ya riga ya faɗa a gida cewa ranar da wani abu ya sami Inna, ranar za mu juyo.

Daga Sokode

Mun tashi ana idar da sallar asuba, a bayan wani ayari, da jakuna biyu. Kaka na kan ɗaya, ni ke riƙe da igiya. A gaban barikin Jamus soja ya tare mu, ya zunguri kayanmu da sanda, ya ɗebi ƙuli-ƙuli ya ce yana duba ko da guba. Hanya ta fi yadda nake zato faɗi. An dasa ƙananan itatuwa a jere gefe da gefe, kowane da shingen ƙaya, ga mutane suna ba su ruwa, wani mai bulala yana tsaye.

A Bafilo muka sauka gidan wani masaƙi. Ya fito da zane ja yana nuna mana, Kaka ta shafa ta ce ba ta taɓa ganin baƙi mai kyau haka ba. Baffa ya yi ta dariya, wai Inna da zolaya. Kaka ma ta yi dariya, tana matse mini hannu har ya yi zafi.

Sansanin Mango

Ban ƙirga kwanakin da muka yi kafin Mango ba, na dai san takalmina ya tsinke sau biyu. Kogin Oti muka haye a kwalekwale, jakuna suna iyo kunnuwa kawai a waje. Garin duk warin kifi banda. Baffa ya wuni a bariki, ya dawo da izinin shiga ƙasar Faransi na mako ɗaya tak, daga ranar da muka wuce sojan kan iyaka. Wanda ya zarce, akawu ya ce, kada ya yi kuka in aka riƙe masa dabbobi a dawowa.

A nan Baffa ya fara tambayar Sambulgu. Mai kwalekwale ya ce ya san garin sarai, yana gabas, a bakin ruwa, masunta ne. Kaka ta ce a garinsu ba kogi, rijiya ce. Mutumin ya ce to ko dai tsufa ne.

Nano

Madugu ya ratse da mu ta Nano saboda kasuwa. Akwai wani dogon dutse a can, a jikinsa can sama mutanen da suka gina ƙananan rumbuna na laka kamar gidan zanzaro. Baffa ya nuna da hannu.

"Inna, kin gani kuwa?"

"Na gani. Ikon Allah."

Fuskarta tana kallon gonar dawa. Na ja igiya a hankali na juya jakin.

Da yamma wani makiyayi ya zo sayar da nono. Shi ma ya san Sambulgu. Ya ce arewa yake, kwana uku bayan iyaka, amma ba kowa a ciki sai ciyawa da kuraye. Baffa ya ce masa a Mango an ce masunta ne. Makiyayin ya ce shi dai ya kwana a wurin da shanunsa, bai ga ko kwaɗo ba.

Dapango

Mun sauka gidan Malam Idi mahauci. Washegari da hantsi Baffa ya share ƙasa a zaure, ya jera tsakuwa bakwai, kowace kwana ɗaya. Ta farko kasuwar shanu ce da yake jin labari. Ta biyu barikin Faransi, inda aka ce ana busa ƙaho safe da yamma kuma sojoji na sa jar hula. Akwai ta tafkin dorina, akwai ta wani gari da ake narka ƙarfe, akwai ta gidan wani sarki mai ɗakuna kamar rumbuna. Ɗaya ta dawowa ce. Ta tsakiya, fara, ita ce Sambulgu, sai dai bai san inda zai ajiye ta ba. Ya sa ta gabas, ya ɗauke, ya sa ta arewa.

Malam Idi ya leƙo ya tambayi abin da ake yi. Da ya ji, ya ce ai Sambulgu ga ta nan yamma, tafiyar rabin yini, a ƙasar Jamus, ba ruwanmu da izini. Matansu ma suna cin kasuwar nan. Baffa ya ce to a cikin mutum uku lallai biyu maƙaryata ne. Malam Idi ya ce shi dai ba ya cikin biyun. Maƙwabta suka taru, kowa ya tsuguna yana matsar da tsakuwa. Wani ya ce ranar da Baffa ya sa wa kasuwar shanu ba ranar cinta ba ce, don a nan kasuwa duk bayan kwana uku take juyowa, ba ruwanta da Juma'a ko Lahadi. Aka sake jeri daga farko. Kaza ta shigo ta barbaza tafkin dorina. Ni ina bakin ƙofa, na rasa ma wace tsakuwa ce gida.

Kaka tana ɗaki. Na tashi na sami Azumi matar Malam Idi, na tsaya kusa da ita har sai da ta tambaye ni abin da nake so. Muka je gindin kuka, muka tarar tsohuwar ba ta koma garinsu ba tukuna, muka sayo daddawa ɗaya. Na sa wa Kaka a tafin hannu. Yatsanta ya yi yawo a kai, ya faɗa cikin ramin, ya tsaya.

"Bebiya, ina kika samo wannan?"

Haka take kirana. Na ce a kasuwa. Ta ce a kira mata mai ita.

Tsohuwar ba ta jin Hausa, Azumi ce ta yi tafinta. Ta ce ita 'yar Sambulgu ce, kuma duk mutum ukun gaskiya suka faɗa. A wajensu gari ba ya barin sunansa a baya, in mutane sun tashi da shi suke tafiya. Da rijiya ta ƙafe, ƙanin sarki ya kwashi rabin gari ya yi bakin kogi, su ma Sambulgu. Da Faransi suka matsa da ɗibar masu dako, sauran suka tsallako nan, su ma Sambulgu. Yanzu Jamus sun fara ɗibar maza aikin hanya, har wasu na maganar a sake tashi. Na arewa kufai ne. Ta tuna akwai zangon fatake a bayan gari, ta tuna dutsen, amma mahaifiyar Kaka ba ta san ta ba. Kaka ta faɗi wasu kalmomi da Gurmanci waɗanda ban taɓa jin ta faɗa ba. Tsohuwar ta rufe baki tana dariya, ta ce wannan maganar yara ce, abin da ake ce wa akuya in ta shiga ɗaki.

Azumi ta tambaye ta ko za ta raka mu. Ta ce ƙafarta ba za ta kai ba, kuma ba ta son ganin jar hula.

Baffa ya ji daɗi, ya ce magana ta ƙare. A je na kusa a gaisa da dangi, a dawo, makon Faransi ya tsaya yadda ya tsara. Kaka ta ce ita ba gaisuwa ta kawo ta ba, kufai za ta. Aka lissafa: uku zuwa, uku dawowa, yini ɗaya a can. Ba kasuwa, ba ƙaho, ba dorina.

"Inna, me za ki gani a kufai?"

"Dutse. Irin wanda na gani a Nano."

Baffa ya daɗe yana kallon tsakuwarsa. Ya ce shekara nawa yana son ganin kasuwar nan. Kaka ta ce kasuwa tana juyowa. Ya tattara tsakuwar shida ya watsa waje, ya bar farar, ya fita neman makiyayin da zai nuna mana hanya. Har yanzu ba a samu ba. Wani ya ce kufai biyu ne a wajen, ba ɗaya ba. Wani ya ce ciyawa ta fi mutum tsawo, dutse ba ya ganuwa sai an zo dab da shi. Ko Faransi za su yarda da izinin Jamus, wannan ma ba wanda ya sani. Gobe dai za mu tashi.

Ku gaishe da Malama, ku ce ina tilawa a hanya. Allona yana bayan randa, kada a wanke.

Ɗazu ina zuba wa Kaka ruwan alwala, Baffa ba ya nan, na yi magana mafi tsawo da na yi tun barinmu Didaure. Na ce ba zan gaya wa kowa ba. Ta tsayar da hannu, ba ta tambaye ni mene ne ba. Sai na ce:

"Kaka, don Allah ki faɗa mini kamannin dutsen tun yanzu, da abin da ke damansa da abin da ke hagunsa. Kada mu zo mu wuce shi ina riƙe da igiya."