Ranar da Hanyar Dapaong Ta Buɗe

Lokacin da yajin aikin neman dimokuraɗiyya ya rufe hanyoyi, ina direban bas a tashar Sokodé. Direbobin Dapaong da abin ya rutsa da su suka yi makonni a wajenmu, suna kwana cikin motocinsu. Ranar da hanya ta buɗe, rigima ta kaure kan wanda zai fara lodi. Muka ce tasharmu ce, layinmu ne. Suka ce iyalansu ba su ma san ko suna raye ba. Ni na fi kowa hargagi, har da cire riga.

Sarkin tasha, wani tsoho mai fama da tari, ya bari kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya dube ni.

"Ɗana, in ka sauke fasinja a Dapaong, gidan wa kake kwana?"

Na nuna wanda na gama zagi yanzun nan, domin shi ne mai masaukina. Tsohon ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambayar. Kowa sai da ya nuna wani cikin direbobin Dapaong.

Daga nan magana ta yi sauƙi: mota ɗaya tasu, ɗaya tamu, su ne farko.

Har yau tsohon nan yana ba ni mamaki. Bai ce kowa ya yi laifi ba. Sai da na duƙa ɗaukar rigata na tuna: shekara da shekaru ina cin tuwon gidan mai masaukina, shi kuwa makonni yana kwana a mota, ga gidana bayan tasha.