Cajin da Baba Ya Ba Baƙo

Shekarar da fetur ya gagari talaka na saida babur ɗina na sayi mai caji. Mutanen Faskari suka yi ta yi mani tsiya, wai na sayo babur ɗin da ba ya ko tari. Ni kuwa ko a jikina, ina wucewa ta gaban 'yan bumburutu ina ɗaga masu hannu.

Matsalar ɗaya ce: wurin caji. Wutar gwamnati ba a ma maganarta. Duk garin, shagon wani mai sola ne kaɗai ke iya ɗaukar babur, shi ma guda ɗaya a lokaci guda, kuma in hadari ya rufe rana sai cajin ya riƙa rarrafe. A inuwar shagon nan Babanmu ke zaman hantsi da dattawa 'yan uwanshi.

Baba mutum ne mai kara, har ta yi mashi yawa. Baƙo ba ya jira a gabanshi, ko a kan tabarma ko a bakin rijiya. Wata safiya cikin damina na jona babur ke nan, batir ya ɗan haura rabi, sai ga wani mai keke napep mai caji daga Mabai, ya kwaso mata za su suna, wuta ta kusa ƙare mashi. Baba ya dube ni.

"Cire mashi naka. Baƙo ne."

"Baba, bai cika ba fa."

"Kai da kake gida? Ina za ka?"

Na cire ina ƙunƙuni.

Ba a jima ba wayar Baba ta yi ƙara. Amininshi na Sabuwa ne ya rasu, wanda suka yi dakon auduga tare a Daudawa tun suna samari. Duk gidanmu mun san alkawarin da ke tsakaninsu: wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai sa shi a kabari da hannunshi. Aka ce ana idar da azahar za a yi jana'iza, kuma gawa ba ta jiran kowa.

Ba ranar kasuwa ba ce, tasha babu motar da ta kusa cika. Na duba batir, na ce in Allah ya so zai kai mu. Baba ya tattare babbar riga ya hau baya.

Wallahi bai kai mu ba. Taɓo da hawan tudu suka tsotse shi, ya mutu a tsakiyar gonakin masara, shiru, ko shaƙewa bai yi ba balle a ce ya yi gargaɗi. Da mai fetur ne, da kwalba ɗaya daga ƙauye na gaba ta fisshe mu. Wannan fa? Na tura, na yi ta tsine mashi, Baba na biye da ni da takalmi a hannu. Da ƙyar muka samu wata motar hatsi ta ɗauke mu har da babur ɗin.

Muna shiga Sabuwa muka yi kiciɓis da mutane suna dawowa daga maƙabarta, fartanya a kafaɗa. Baba bai tsaya gaisuwa ba, ya wuce kai tsaye zuwa kabarin. Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannu a kan ɗanyar ƙasar, ya ce, "Malam, na zo. Na makara." Na tsani babur ɗin, na tsani ranar da na saye shi.

Bayan sadakar arba'in, ina caji a shagon, Baba na zaune a wurinshi, wani baƙo ya tsaya da babur, batir ya mutu. Na kai hannu kan wayar caji ina jiran Baba ya ce in cire. Ya kalli baƙon, ya kalle ni, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi. Baƙon ya samu dutse ya zauna a rana.