Abin da Takardar Likita Ta Ce, da Abin da Na Faɗa wa Inna

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, a rugarmu ta bayan Ba'awa. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa haɗa ido da ita ba. A hannun Goggo, ƙanwar Baffa mahaifina, na tashi.

Ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai aka ciro wa Inna ƙari a mama, a Kano. Likita ya bar mata maman, ya haɗo ta da takarda da Turanci. Ni kaɗai na yi boko a gidan. Na ɗauko ƙamus na bi ta kalma-kalma, babu abin da ya shige mini duhu: ciwon daji ne, an kama shi da wuri, amma aikin rabin magani ne. Sai an gasa wurin da na'ura, kullum, har mako shida, a Ibadan. In ba haka ba, yana iya dawowa.

Baffa ya kira ni. Inna na gefe ta ba mu baya, tana wanke ƙore.

"To, Malam, me bokon naka ya gano?"

Da wane baki zan ambaci jikin uwata a gabanta? Na sunkuyar da kai na ce, "Sun ce in da hali, a je Kudu a ƙara dubawa."

Inna ta dubi Goggo. "Gaya wa yaron nan wuri ya warke. In na tafi, shi zai kai mini kindirmo Kwanar Dangora?"

Aka yi dariya, maganar ta mutu. Bayan damina biyu ciwon ya dawo.

Yanzu na'urar ta iso Arewa. Likitoci kan zauna da mace su ba ta zaɓi: wata mako uku, wata mako ɗaya, wata ma gefen da aka yi aikin kaɗai ake gasawa. Nakan ce da Inna ta ga zamanin nan, da ta ce mako ɗaya ai ba tafiya ba ce. Wataƙila kuma ko da na faɗi gaskiya ran nan da ta ƙi zuwa. Amma da ita ce ta ƙi, da saninta.

Kunyarta na gada, da tsafta, da rashin son surutu. Biyun ƙarshe sun amfane ni. Ta tafi tana ganin an yi mata duk abin da ake yi, har ta ce wa Goggo yaron nan ya yi ƙoƙari. Baffa ma da wannan zaton ya bi ta. Ba a yi ba, kuma ni na sani.

Allah ya jiƙan Inna.