Uwar Tukunya Ta Koma Cin Ɗanye

Ka taɓa girka wa mutum abinci da hannunka, ka ajiye a gabansa, ya dube shi ya ce ya gode amma ba zai ci ba? To ka san kaɗan daga abin da ya sami matar da ma'aikatan masana'antar sabulu ke kira Uwar Tukunya.

Ita ce babbar mai girki a ɗakin cin abincin masana'antar. Tukwane huɗu take juyawa, kowacce yaro zai iya ɓuya a ciki, bakuna ɗari da tamanin take ciyarwa kullum, kuma ludayi biyar ta karya tun da ta fara aikin. Ba ta auna gishiri da cokali. Da tafin hannu take ɗiba ta watsa, ta juya, ta ɗiga romo a hannu ta lasa, nan take ta san ko ya ji ko da saura. Harshenta shi ne ma'auninta, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Ƴaƴanta uku. Biyu mata sun yi aure suna nan kusa. Autan kuwa aiki ya kai shi nesa, tafiyar yini guda a mota, inda yake gyaran firji da na'urorin sanyaya ɗaki. Sau ɗaya yake leƙo gida a shekara. A zuwansa na bara ta yi masa girki kala uku, ta jera a gabansa tururi na tashi. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ni fa na daina cin abin da ya hau wuta."

Ciki ne ya dame shi, in ji shi, wani abokin aikinsa ya ba shi shawara, ya gwada, ya ji jikinsa ya yi masa daɗi. Ya zuge jaka ya fito da karas da ayaba da ƙullin dabino, ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana ci kamar baƙon da ke jiran mota. Faranti tara ta kai masa kafin ya koma, tara suka dawo mata yadda ta kai su. Ba ta yi masa faɗa ba. Amma duk ranar da wani matashi a layin karɓar abinci ya miƙo faranti ya ce a ƙara masa, sai ta cika masa fiye da ƙa'ida, ta bi shi da kallo har ya zauna.

Da Auta ya bugo waya ya ce ya samu hutu, zai zo nan da wata biyu, ta ajiye wayar ta ce wa mijinta, "A wannan karon sai ya ci abin hannuna. Kwano ɗaya za mu sa hannu ni da shi."

Mijin tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi, haƙoransa na taunawa saura shida. Ya ce, "To me za ki dafa masa?"

"Ba zan dafa ba. Koya zan yi. Kuma ba na ba mutum abin da ban san ɗanɗanonsa ba, don haka ni ma na bar cin dafaffe daga gobe."

"Ke da kike ciyar da rabin gari, yau kin koma akuya?"

"Ɗanka ne ya fara zama akuyar, Malam. Ni bin sawunsa nake."

Ba mace ce mai shiga abu da ka ba. Ta je wajen nas ɗin masana'anta, nas ta ce ta fara da cin ɗanye sau ɗaya a rana, ta wanke komai sosai, kada ta kusanci ɗanyen nama ko wake ko rogo, in kuma ta ji jiri ta dawo. Ta fara da ɗaya, ta ƙara na biyu, kafin mako ya zagayo ta haɗa duka ukun. Kabeji, karas, tumatir, kokwamba, latas, gwanda, kankana, ayaba, dabino, ɗanyar gyaɗa. Abu goma ke nan, ta ƙirga, kuma duk cikinsu babu mai ɗumi.

Abin da ya fara ba ta wahala muƙamuƙi ne. Lomar shinkafa tauna biyar ta isa, lomar karas kuwa sai ta yi talatin bai wuce ba. Na biyu sanyin ciki. Da safe in ta haɗa wa Malam shayi, sai ta riƙe kofin da hannu biyu, ta bar zafinsa ya ratsa yatsunta, tururin ya bugi fuskarta, har sai ya ce, "Maman yara, shayin nawa ne ko na haya?" Sannan ta miƙa masa.

Na uku shi ne babba, kuma a wurin aiki yake. Ranar farko da ta ɗiga romo a hannu ta kai baki, sai ta tsaya. Lasa ma ai ci ne. Ta goge hannun a zane ta kira mataimakiyarta, wadda kowa ke ce wa Gajeriya, mace mai baki kamar reza.

"Zo ki ɗanɗana mini."

Gajeriya ta lasa ta ce da saura. Aka ƙara. Ta sake lasa ta ce da saura kaɗan. Aka ƙara. Da rana faranti ashirin da uku suka dawo da miyarsu, wani mai tuƙa motar ɗaga kaya ya leƙo ta tagar raba abinci ya ce, "Uwar Tukunya, yau teku kika dafa mana?"

Ashe Gajeriya mayyar gishiri ce. Daga ranar suka yi tsari: in Gajeriya ta ce da saura, ya yi daidai, a rufe tukunya. In ta ce ya ji, to an ɓata, a ƙara ruwa da tumatir.

"Yaya, ke dai ki lasa abinki," in ji Gajeriya. "Wa zai gaya wa ɗan naki? Ni?"

"Ba don ya sani nake yi ba. So nake in ji abin da bakinsa ke ji."

Amma fa tana jin jiki. In albasa ta faɗa cikin mai mai zafi, ƙamshin ya cika kicin, sai yawu ya taru mata a baki ta juya fuska. In ta buɗe murfin tukunyar shinkafa tururi ya rufe ta, takan daɗe a tsaye fiye da yadda aikin ke buƙata. Wani lokaci ita kanta ba ta san ko kewar abincin take ba, ko kewar yaron da ke zama kusa da murhu yana jiran ta kankaro masa ƙanzo.

Sai dai mai girki mai girki ce ko babu wuta. Ta gano cewa in ta yanka kabeji siriri kamar zare, ta murza shi da gishiri da lemun tsami ta bar shi ya huta, yakan yi laushi har mai haƙori shida ya iya da shi. Ta jiƙa ɗanyar gyaɗa ta kwana, ta daka ta da barkono da tafarnuwa da lemun tsami, ta sami wani abu mai kauri da ke riƙe ganye kamar miya. Haɗi goma sha ɗaya ta gwada, Malam ne alƙali. Takwas ya kayar, biyu ya ce a yi haƙuri, ɗaya ya cinye bai ce komai ba. Wannan ta riƙe.

Ranar zuwan Auta ta ɗauki hutu. Tun da hantsi ta wanke komai sau uku, ta yanka, ta murza, ta jera a babban kwanon silba launi-launi, ta zuba miyar gyaɗar a tsakiya. Ta ja baya ta duba, ta ga ko a gidan biki ba za a raina shi ba.

Sai waya ta yi ƙara. Motarsu ta lalace a hanya, sai bayan la'asar zai iso. Ta ce Allah ya kawo shi lafiya. Malam ya ce a ɗora masa ruwan wanka, ta ɗora a babbar tukunya, ya tafasa, ta ɗibar masa ta rufe sauran. Daga nan hannunta ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru in wani ya makara: ta rufe kwanon silba, ta ɗora shi a kan murfin tukunyar ruwan zafi, ta lulluɓe da tawul don kada ya huce. Ta tafi ta share ɗakinsa, ta canza zanin gado, ta yi wanka, hankalinta kwance.

Ya iso da ƙura a gira da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe su, ta kama fuskarsa ta ce ya rame, ya ce ita ce ta rame. Ta ce ya zauna, yau akwai abin da zai ci. Ta shiga kicin da saurinta, ta ɗaga tawul, zafin kwanon ya taɓa yatsunta. A nan ta gane.

Latas ɗin ya kwanta ya yi baƙi, kokwamba ta saki ruwa, tumatir ya narke, gumi na ɗiga daga cikin murfin. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta zauna a kan kujerar tsuguno. Haka Auta ya shigo ya same ta.

Ya leƙa kwanon. "Mama, dafa shi kika yi?"

"Hannuna ne ya dafa. Ni ban sani ba."

Malam ya tsaya a bakin ƙofa da tawul a wuya ya ce, "Kai, uwarka wata biyu ke nan rabonta da abin da ya hau wuta. Shayina ma shinshinawa take. An kusa korar ta a wurin aiki saboda gishiri, duk don ka ci wannan kwanon."

"Malam, wa ya tambaye ka?"

Auta ya ajiye jakarsa, ya naɗe hannun riga ya ce, "Me ya rage?"

Rabin kabeji, karas biyu, tumatir ɗaya, lemun tsami ɗaya da rabi, sai ragowar miyar gyaɗa a turmi da zafi bai taɓa ba. Ya ɗauki wuƙa ya fara sara kabejin manya-manya. Ta kalle shi sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta kasa haƙuri.

"Wannan yanka ne ko faskare? Haka kake ci a can? Kawo nan."

Ta karɓe wuƙar, ta nuna masa yadda ake lanƙwasa yatsu, yadda ake murzawa da gishiri har ganyen ya saki. Shi ya kankare karas, shi ya matse lemun. Ba su koma falo ba. A nan ƙasan kicin suka shimfiɗa tabarma, kwanon bai ko kai rabi ba, suka sa hannu tare. Ita loma huɗu ta yi, sauran lokacin kallonsa take. Shi ya yi goma sha bakwai, ya jawo turmin ya suɗe da yatsa, ya tambayi me ta sa a ciki. Malam kuwa ya ja wancan kwanon da ya lalace ya cinye da burodi, ya ce shi dai wannan ya fi masa, ko ba komai yana da ɗumi.

Kwana huɗu Auta ya yi ya koma, da kwalba biyu na miyar gyaɗa a jakarsa. Uwar Tukunya ta koma lasar romonta, ma'aikata sun huta, Gajeriya ta ce an ƙwace mata sarauta. Safe da rana tana cin dafaffe kamar kowa. Na yamma ne ta bari ɗanye, tana ci a daidai lokacin da ta san ya tashi daga aiki. Wani lokaci yakan bugo, su yi hira tana jin ƙarar taunarsa ta waya. Sau da yawa ba ya bugowa, sai ta ci nata ita kaɗai, ta wanke kwanon, ta duba kalandar bango ta ga watannin da suka rage.

Kai ma ka gwada, ko sau ɗaya a wannan makon. Kwatan kabeji, karas biyu, tumatir ɗaya, gishiri kaɗan da lemun tsami. Ka wanke sosai, ka yanka siriri, ka murza ka bar shi ya huta. Sannan ka kira wani naka da kuka daɗe ba ku ci abinci tare ba, ka ce ya zo ku sa hannu.